In furoje ya naɗe tabarmarsa, wa zai ci gaba da zama da yaran?

"Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina riƙe da wata CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, a jihar Tahoua. Shekara biyu da suka wuce wani furoje ya horar da mu, mu goma sha biyu, kan yadda ake zama da yara matasa masu damuwa da fargaba, zama bakwai cikin rukuni, iyayensu ma da nasu zaman. Wallahi mun ga amfanin abin da idonmu. To furojen ya ƙare. Yanzu mu biyu muka rage muna yi. Wasu an canza musu wurin aiki, wasu sun ce ba perdiyam, wato kuɗin zama, ba aiki. Ni ma da nake yi, ban tabbata abin da nake yi shi ne abin da aka koya mana ba. Ta yaya ake riƙe irin wannan aiki kada ya mutu? Ko mu haƙura mu jira wani furojen?"

Malama, barka kadai, Allah ya saka da alheri. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda kika ce ba ki tabbata abin da kike yi shi ne abin da aka koya muku ba. Shekarata wajen ashirin ina aikin lafiyar ƙwaƙwalwa tsakanin Yamai da ƙasar Adar, ban cika jin ma'aikaci ya faɗi wannan da bakinsa ba. Kukan kuɗi da na mota aka saba kawowa. Tambayarki biyu ce, ɗaya goye da ɗaya: yadda aikin zai ci gaba bayan masu kuɗi sun tafi, da yadda zai ci gaba yana nan a matsayin maganin da aka gwada aka ga yana aiki. Ta biyun ta fi nauyi, kuma a kanta zan fi daɗewa.

Batun jira kuwa, kada ki jira. Yarinyar da take da shekara 13 yau, kafin wani furoje ya zo ya gama taron buɗewa da zaɓen garuruwa, wataƙila ta bar lakwal ko an ɗaura mata aure. Yaron kuma ya bi 'yan'uwansa cin rani Abijan ko Libiya da damuwarsa a ƙirji.

Me ake nufi da hanyar da aka tabbatar

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori suna kama mutum ne kafin ya wuce shekara 14. Ki ɗora wannan a kan ƙasa irin tamu, inda kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, likitocin ƙwaƙwalwa kuma 'yan ƙalilan ne, mafi yawansu a Yamai, wajen sashen nan na babban asibitin ƙasa da kowa ya sani da Pavillon E. Uwa daga Kaita ko Buza ba za ta ɗauko ɗiyarta zuwa Yamai don ta daina cin abinci tana kuka da dare ba. Shi ya sa OMS ta fito da shirin mhGAP a 2008, littafin jagorarsa ya biyo a 2010, aka sabunta shi a 2016, don a sauke wani kaso na aikin a hannun anfirme da ungozoma da ma'aikatan unguwa. Wato a hannunki.

In aka ce hanya ta tabbata, ana nufin an raba mutane kashi biyu ta ƙuri'a, kashi ɗaya aka yi musu abin, ɗayan aka bar su a kan kulawar da aka saba, sannan aka auna aka ga bambanci. Abin da kika siffanta ya yi kama da EASE, wanda OMS da UNICEF suka wallafa a 2023 don yara masu shekara 10 zuwa 15: zama bakwai na yara, zama uku na iyaye. Ko shi ne, ko ɗan'uwansa. Akwai PM+ na manya mai zama biyar, wanda aka gwada a Pakistan da Kenya. Akwai bencin abota na Zimbabuwe da Dokta Dixon Chibanda ya fara a Harare a 2006, inda tsofaffin mata suke zama da mutum a benci cikin harabar asibiti sau shida suna koya masa warware matsala, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna damuwar mutanen ta ragu sosai.

Amma ki lura da abu guda, don shi ne gindin amsata. Shaidar ba ta rataye a sunan shirin ba. Tana rataye ne a kan wane ne ya yi, sau nawa aka zauna, me aka yi a cikin zaman, kuma wa yake duba mai yin. A arewacin Uganda an gwada zaman rukuni ga matasan da yaƙi ya raba da gidajensu, sakamakon da ya fito a 2007 ya nuna 'yan mata sun samu sauƙi a fili, samari kuwa ba a ga haka ƙarara ba. A jihar Bihar ta Indiya an gwada wani shiri a makarantun sakandare, aka wallafa a 2018: inda aka ɗauki mutum na musamman aka ba shi aikin, yanayin makaranta ya gyaru, damuwa da cin zali suka ragu. Inda aka ɗora wa malamin aji shirin nan dai a kan darussansa, ba a ga canji ba. Littafi ɗaya, hannu daban. Kuma a irin waɗannan gwaje-gwaje masu yin aikin ba su kaɗai aka bari ba, akwai mai zama da su a kai a kai, galibi mako-mako, yana jin yadda zaman ya tafi yana gyara musu. Wannan bibiyar tana cikin maganin. Ita ce kuma take fara tafiya ranar da motar furoje ta daina zuwa.

Mutuwa iri biyu

Ta fili kin riga kin gan ta. An canza wa mutane wurin aiki, kuma a karkarar Tahoua ma'aikaci ba ya cika daɗewa, musamman mata masu iyali a birni. Takardun zaman sun ƙare ba mai sake bugawa. Na taɓa zuwa wata CSI na tarar da littattafan duka a kulle cikin kabad, makullin kuma ya tafi a aljihun wanda aka mayar wata jiha. Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A 2012 wasu masu bincike sun tattara nazari 125 kan abin da ke faruwa da sababbin hanyoyin aikin lafiya bayan an gama dasa su, suka ga abin da ya fi yawa shi ne a ci gaba da wani yanki a bar wani, ko da a wuraren da aka fara da kyau.

Ta ɓoye ita ce wadda kike tsoro, kuma kina da gaskiya. Wata shekara na je duba aiki a wata CSI, ba zan faɗi garin ba. Anfirmen wurin mutumin kirki ne, yana cikin waɗanda suka fi ƙoƙari a horon da muka yi wata takwas kafin nan. Na zauna a benci can kusurwa. 'Yan mata shida a tabarma ƙarƙashin rumfa, zama na biyar ke nan. Ya buɗe da addu'a, sannan ya kama magana: haƙuri, biyayya ga iyaye, kowane tsanani yana tare da sauƙi. Magana mai daɗi, ba ƙarya a ciki. Na duba agogo, minti arba'in bakinsa bai tsaya ba. Wata yarinya a gefe tana naɗe bakin hijabinta a yatsa tana warwarewa, sau biyu ta ɗago za ta ce wani abu, maganar ta wuce ta. Littafin zaman yana ƙarƙashin kwalin maganin zazzaɓi. Abin da ya kamata a yi ran nan shi ne kowace yarinya ta faɗi matsala ɗaya da ta dame ta, a taru a lissafo hanyoyin fita, ta zaɓi ɗaya da kanta, ta je ta gwada kafin mako mai zuwa. Ko ɗaya ba a yi ba. A rajista kuwa an rubuta zama na biyar, mutum shida.

Da muka keɓe na tambaye shi, sai na ga shi har zuciyarsa yana ganin haka ake yi. Ban ga laifinsa ba. Nasiha ita ce abin da muka tashi da shi, babba ya faɗa yaro ya saurara, kuma duk wanda aka bari shi kaɗai can zai gangara. Mu da muka horar da shi kwana biyar muka ɓace wata takwas, mu ne muka bar shi. Daga ranar na daina yarda a kira ni horon da ba a rubuta wa zai bi sawun mutanen bayansa ba.

Bibiya ba mota, ba perdiyam

Kun rage ku biyu, kuma biyu sun isa a fara. Ku ware rabin awa kowane mako, rana ɗaya tsayayya, wadda ba ta kasuwa ba kuma ba ta awon ciki ko rigakafi ba. In CSI ɗinku ba ɗaya ba ce, waya ta wadatar. Ku buɗe littafin a shafin zaman da ke tafe. Ɗaya ta zama mai jagora, ɗaya ta zama yarinyar da ba ta son magana, ku yi minti goma kamar da gaske, sannan ku canza. Da farko za ku ji kunya, har dariya za ta kama ku. Ku daure. Abin da baki bai saba faɗa ba, ba ya fitowa a gaban yara.

Bayan kowane zama na gaske kuma, ki amsa wa kanki tambayoyi kaɗan a rubuce. Wa ya fi magana, ni ko su? Kowane yaro ya gwada dabarar a gabana, ko bayani kawai na yi? Na tambayi aikin gida na makon jiya? Akwai wanda na yanke wa hukunci ko na kunyata? Na tambayi wanda ya kamata in tambaya ko yana tunanin cutar da kansa? OMS da UNICEF suna da wani dandali a intanet mai suna EQUIP, kyauta ne, cike da irin waɗannan ma'aunai na duba ƙwarewar mai taimako ta wasan kwaikwayo. In kina da reso ki leƙa. In babu, tambayoyin nan biyar a bangon kayenki za su riƙe ki.

Sau ɗaya a wata ku nemi ido na uku. Ki bincika wa ke riƙe da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin gundumarku ko a babban asibitin jiha da ke Tahoua, ki roƙe shi minti ashirin a waya. Ki kawo masa yaro ɗaya da ya gagare ki. Yawancinmu muna jin daɗin irin wannan kira, don mun gaji da ganin yara sai abin ya yi nisa, an kawo su a ɗaure. In za ku yi amfani da WhatsApp, kada sunan yaro ko unguwarsu ko hotonsa ya shiga saƙo. Garuruwanmu ƙanana ne, magana ɗaya ta fita, ba uwar da za ta sake aiko ɗiyarta.

Sannan tawagar gundumar lafiya da take zagayen duba CSI tana zuwa ko da furoje ko babu. Ki roƙi shugaban gundumar a ƙara layi biyu ko uku kan wannan aiki a takardar da suke cikawa. Abin da babba yake tambaya in ya zo, shi ƙarami yake yi in ya tafi.

Abin da za a iya canzawa da wanda ba a taɓawa

Kada tsoron kaucewa ya sa ki daskare a kan littafin kamar mai hadda. Shirin da bai saje da wuri ba shi ma mutuwa yake. Harshe naki ne: in littafin da Faransanci yake, ki faɗe shi da Hausar Adar, ko da Tamashek ko Fulatanci in yaran can suka fi sakewa. Yaranmu ba sa cewa suna da ciwon damuwa. Cewa suke zuciyata ta ɓaci, kaina ya yi nauyi, tunani ya yi mini yawa, ƙirjina yana zafi. Ki karɓi kalmarsu ki yi aiki da ita. Labarin da ke cikin littafin ki sa masa sunaye da gonaki da rijiyoyin da suka sani. Wanda bai iya rubutu ba ya yi zane ko ya riƙe a ka. Ki raba maza da mata. Ki kauce wa damina, lokacin da yara suke gona, ki kauce wa makon jarrabawa. Samari kuwa, in kin ga ba sa zuwa CSI don suna ganin wurin mata da jarirai ne, a nemi namiji mai hankali ya same su inda suke, ko a gefen fada bayan shayi, muddin akwai sirri.

Ƙashin bayan shirin shi ne ba a taɓawa. A EASE, alal misali, yaro yana koyon gane abin da yake ji ya sa masa suna, yana koyon kwantar da jikinsa da numfashi a hankali, yana koyon komawa ga ƙananan ayyukan da damuwa ta raba shi da su, yana koyon warware matsala mataki-mataki. Kowace dabara sai an gwada ta a cikin zaman, a je gida a gwada, a dawo a ba da labari. Jerin zaman yana da dalili, na baya yana hawa kan na gaba. In kika matse bakwai suka koma uku don aiki ya yi yawa, abin da ya rage ba shi aka gwada ba. Zaman iyaye ma kada ki yar da shi, ko da shi ya fi wuyar tarawa, don yaron da ya koyi kwantar da zuciyarsa ya koma gidan da ake dukansa kullum, rabin aikin ya zube.

Sai batun addini, wanda na san zai zo miki. Iyaye da yawa malam suke fara kai wa yaro, a yi ruƙiyya ko rubutu, musamman in 'yan mata suka fara faɗuwa a aji ana cewa iska ce. Ni ban taɓa cin riba a jayayya da wannan ba. Na fi cin riba da na je na gaida limamin unguwa, na bayyana masa abin da muke yi, na roƙe shi yaron da aka yi wa addu'a bai samu barci ba ya turo mana shi. Yarinyar da take son haɗa numfashin da zikiri, ta haɗa. Abin da nake kiyayewa kawai shi ne kada zaman ya koma wa'azi, don wa'azi yana da masu yinsa da suka fi mu iyawa, dabarun nan kuwa in ba mu koyar ba, ba mai koyarwa.

Ki auna, ko da tsakuwa ce

Ba za ki san ko kin kauce ba in ba kya aunawa. Ki samu kaye ɗaya na wannan aiki kaɗai, ki ba kowane yaro lamba maimakon suna. Ki rubuta zaman da ya zo da wanda bai zo ba. In furojen ya bar muku takardar tambayoyi, irin PHQ-9 mai tambaya tara da ake yi wa manyan matasa, ki yi ta a farko da ƙarshe. In babu, ga abin da nake yi. A zaman farko yaro ya faɗi abu ɗaya da ya fi damunsa, da bakinsa. PM+ ma a kan matsalar da mutum ya faɗa da kansa yake awo kowane zama. Sai in zuba tsakuwa goma a faranti in ce, nauyin abin nan a ƙirjinka yau, tsakuwa nawa ne?

Akwai wani yaro ɗan shekara 15 da ubansa ya tafi Libiya, shekara biyu ba labari. Ba ya barci, ya daina zuwa ƙwallo, uwarsa ta ce ko magana sai an yi da gaske. Ranar farko ya kwashe tara ya riƙe a tafin hannu, bai dube ni ba. A zama na biyar ya ɗauki huɗu, ya yi jim yana kallonsu, sannan ya mayar da ɗaya cikin farantin. Uban bai dawo ba. Yaron dai ya koma barci, ya koma fili. Tsakuwa ba ma'aunin bincike ba ce, amma tana gaya mini abin da nake buƙata: in mako huɗu suka wuce hannun yaro bai ragu ba, ko ya ƙaru, to ko ni na kauce, ko abin ya fi ƙarfin zaman rukuni, sai in kai maganar gaba.

Kayen nan yana da wani amfani. Ki ciro adadin yaran da suka fara da waɗanda suka gama, ki sa a rapor ɗinki na wata ko da babu gurbinsa, ki rubuta a ƙasan takarda. Ranar da za a zauna tsara aikin shekara na gunduma, mai riƙe da adadi shi ake saurara.

Kuɗi da mutane

Abokan aikinki da suka ce ba perdiyam ba aiki, kada ki riƙe su a zuci. Wasu 'yan kwantaragi ne, wasu 'yan sa-kai, perdiyam ɗin nan shi ne buhun hatsin gidansu. Kuskuren yana wurin tsarin da ya gina aikin a kan kuɗin zama tun farko, har ya zama a idon kowa aikin furoje ne, ba aikin CSI ba. Mun kuma ga yadda kuɗin waje yake: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 masu ba da tallafi da dama sun dakatar, a farkon 2025 kuma Amurka ta yanke kaso mai yawa na taimakon da take bayarwa a duniya. Ko a ƙasashe masu arziki, inda irin wannan aiki ya daɗe, asusu tsayayye aka yi masa. A jihar Kaliforniya ta Amurka, a 2004 jama'a suka kaɗa ƙuri'a aka sa harajin kashi 1 cikin 100 a kan abin da mutum ya samu sama da dala miliyan ɗaya a shekara, don lafiyar ƙwaƙwalwa kawai. Mu ba mu da wannan, amma aikinki ma ba ya cin irin wannan kuɗi. Ki zauna ki lissafa abin da rukuni ɗaya yake ci daga farko zuwa ƙarshe: buga takardu, kiredin waya, tabarma, ruwan sha. Za ki ga 'yan jikkuna ne. Ki kai lissafin gaban kwamitin kula da CSI, wato COGES, ki kai ma'aikatar magajin gari, ki kai ƙungiyar iyayen yara ta kwalejin garin. A Adar akwai kuma 'yan cin rani da suke haɗa kuɗi su gina masallaci ko aji a garinsu. In uwa ɗaya da ɗanta ya warke ta yi magana, ta fi takardar roƙo goma.

Mutane kuwa, ki ɗauka cewa ke ma wata rana za a canza miki wuri. Tun yanzu kowane rukuni ki shiga da mataimaki, ungozoma ko wani rele, wato ma'aikacin unguwa, mai natsuwa da yara suka yarda da shi. Rukuni na farko ya kalla, na biyu ku raba, na uku ya ja ke ki kalla. Wannan bai kai cikakken horo ba, don haka sunansa ya zama na farko duk ranar da horo ya samu. Littafin ya zama kwafi biyu, ɗaya a wurin da kowa ya sani, kuma ki sa wannan aiki cikin takardar miƙa aiki kamar yadda kike sa firjin rigakafi. Waɗanda aka canza wa wuri ma ba su ɓata ba, suna wata CSI da horon a kansu. Ki kira su, wataƙila zaman naku na mako ya koma na mutum huɗu. Malaman lakwal abokan tafiya ne wajen gano yaro da turo shi, amma ki tuna Bihar kafin ki ɗora wa mai aji cike da yara jan zaman kansa.

Inda shawarata ta tsaya

Ban ga CSI ɗinki ba, ban san yawan marasa lafiyar da ke layi a ƙofarki kowace safiya ba. Mutum biyu ba za su yi aikin mutum goma sha biyu ba, kuma in kika gwada, ke ce za ki faɗi. Rukuni ɗaya na yara shida zuwa takwas, a yi shi daidai daga zama na ɗaya zuwa na bakwai, a huta, a ɗauki wani, ya fi mini rukuni huɗu da za a watse a tsakiya. Gwaje-gwajen da na ambata kuma a wasu ƙasashe aka yi su, shi ya sa kayenki yake da daraja, shi zai nuna abin da ke faruwa da yaran Adar.

Akwai kuma yaran da zaman rukuni ba nasu ba ne, ko ba shi kaɗai ba. Yaron da ya ce yana son ya kashe kansa, ko ya taɓa gwadawa, ba a barinsa shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da igiya da magunguna daga inda hannunsa zai kai, a sanar da babba amintacce a gidan, a nemi ƙwararre ran nan. Tambayar yaro kai tsaye ko yana wannan tunani ba ta sa masa shi a rai, don haka ki tambaya. Mai jin muryoyi ko sambatu, mai farfaɗiya, wanda tramol ya riƙe har ba ya iya wuni babu, yarinyar da ake lalata da ita ko ake azabtarwa, kowannensu yana da tasa hanyar a littafin mhGAP, wasu kuma sai an haɗa da masu kare yara. Magani kuwa, jagorar ta hana ba yaro ƙasa da shekara 12 maganin ciwon damuwa, matashi ma zama ake farawa da shi, in ta kama a ba da magani sai da shawarar ƙwararre. Kada ki ba yaro diyazefam don ya samu barci. In kuma wani bala'i ya auku, hari ko ambaliya, kada a tara yara a tilasta musu ba da labarin abin da suka gani a zama ɗaya, OMS ta yi hani da wannan. A tabbatar suna cikin aminci, a haɗa su da danginsu, a saurari wanda ya so magana.

Makon nan ki kira abokiyar aikinki ku tsayar da ranar rabin awarku. Ku fara da zaman da kika fi shakkar kina yinsa daidai, ki bar ta ta zama yarinyar, ke ki ja, littafin a buɗe a gabanku. Abin da kuka ga ya bambanta da shafin ki rubuto mini, mu duba tare ko gyara ne da wurin ya buƙata ko kaucewa ce.